Filin Masu Sana'a: Tambayoyinku Kan Inji da Raunin Hannu

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da sake haɗuwa a wannan fili. Wannan karon na ware saƙonnin da suka shafi hannu ne kawai, don da na zauna ina duba abin da ya taru sai naga da yawansu maganar yatsa ce, wani giranda (injin hannu mai faifai na yanka da goge ƙarfe) ta yanke shi, wani rola (injin naɗe fallen ƙarfe) ta ja hannunsa, wata uwa kuma ta rubuto hankali a tashe. Ni na yi shekaru a gaban inji kafin na koma koyar da sana'a, kuma har yau in na shiga shagon walda idona kan hannun yaran yake fara sauka kafin in dubi aikin da suke yi. Bismillah.

TAMBAYA: Malam barka da aiki. Ni mai walda ne a Panteka nan Kaduna, shekarata goma sha ɗaya a sana'ar. Gaskiya duk girandar da na siya ranar farko nake kwance murfin nan nata in jefa a kwali, saboda yana tare min gani, kuma wani lokacin faifan inci 9 ne kawai a hannu to baya shiga ƙaramar sai an cire murfin. Ban taɓa jin ciwo ba Alhamdulillah. Yanzu wani yarona da ya yi makarantar koyon sana'a ya dame ni wai haɗari ne. Da gaske ne ko dai tsoro ne irin na 'yan makaranta?
Daga wani mai walda, Kaduna

AMSA: Ɗan'uwa yaronka gaskiya ya faɗa maka, ka riƙe shi da kyau. Bari mu yi lissafin tare don kaga ba maganar tsoro ba ce. Ƙaramar giranda ɗin nan ta inci 4 da rabi tana juyawa wajen sau 11,000 a minti ɗaya, wato sama da sau 180 a daƙiƙa ɗaya. Babbar kuma ta inci 9 gudunta wajen 6,500 ne, da gangan aka rage mata don faifanta ya fi faɗi. Yanzu ɗauko faifan inci 9 ɗin ka duba jikin takardarsa, zaka ga an rubuta iyakar juyin da zai iya ɗauka, wajen 6,600, kuma zaka ga an sa 80 m/s, ma'ana bakin faifan kar ya wuce gudun mita 80 a daƙiƙa, wanda shi kansa ya kai kilomita 288 a awa. In ka ɗora shi a ƙarama bakinsa zai haura mita 130 a daƙiƙa. Faifan nan ba ƙarfe ba ne, tsakuwar gurza ce aka haɗa da danƙo da ragar zare, in aka wuce ƙarfinsa ba lanƙwashewa yake ba, tarwatsewa yake, kuma ɓarɓashin inda ya ga dama yake nufa, yatsu, wuyan hannu, cinya, fuska. Abin da ke yaudarar mutane shi ne ramin tsakiyar faifan duk girmansu ɗaya, milimita 22 da ɗan ɗoriya, to sai mutum yaga ai ya shiga daidai ya ɗauka an yi shi don haka ne. Murfin da kake cirewa shi ne kaɗai abin da zai ce maka wannan faifan ba na nan ba ne, kuma shi ne zai tare ɓarɓashin ranar da abin ya fashe.

Batun yana tare maka gani kuwa, murfin ai juyawa yake, ka sassauta shi ka karkatar yadda rufaffen ɓangaren zai kasance tsakaninka da faifai, buɗaɗɗen ya kalli aiki. Minti ɗaya bai kai ba.

Sannan ba fashewa ce kaɗai ba. Abin da ya fi yanke mutane shi ne tsallen da giranda ke yi in faifai ya maƙale a cikin yanka. Kana yanka fayif an tokare shi gefe da gefe tsakiya na lilo, da ka kusa rabawa sai nauyinsa ya sa bakin yankan ya tsuke ya cije faifan, ita kuma injin ba ta tsaya ba, sai ta fizge ta dawo kanka, kuma galibi hannun hagun da ke riƙe da ƙarfen shi take fara samu. Shi yasa nake roƙon masu walda su daina riƙe aiki da hannu ɗaya giranda a ɗayan, ko su taka da ƙafa sanye da silifas. A matse ƙarfen a benci, a tokare shi yadda guntun da za a yanke zai faɗi waje yankan ya buɗe, a mayar da mariƙin gefe ɗin nan da shi ma ake kwancewa a yar, hannu biyu su kasance a kan inji. Faifan yanka siriri ne, milimita 1 zuwa 3, ba a goge walda da gefensa, na gurza daban ne mai kauri wajen milimita 6. Faifan da ya faɗi ƙasa ko ya sha ruwa ko ya tsage a baki a jefar da shi, kuma masu kyau akwai ranar ƙarewar wa'adi da aka buga a zoben ƙarfen tsakiyarsu, ka duba kafin ka biya, araha ba ta ado. In ka ɗaura sabo ka kunna shi a iska kamar rabin minti ka kauce daga layinsa kafin ya taɓa ƙarfe. Zarton katako mai haƙora kuwa da wasu ke ɗaurawa giranda, dan Allah ko a mafarki kar ka yarda a yi shi a shagonka.

Ka ce shekara goma sha ɗaya baka ji ciwo ba, Allah ya ƙara tsarewa. Amma yaran da ke ƙarƙashinka kai suke kallo, kai kana da ƙarfin damtse da sabon da zaka iya riƙe inji in ta yi tsalle, ɗan shekara sha biyar da ya zo bara ba shi da su, kuma girandar da ka cire wa murfi ita zai ɗauka in ka fita sallah.

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ɗana ne ɗan shekara 17 yana koyon aikin ƙofofi da tagogi, kwana goma kenan fallen ƙarfe ya sulɓe masa yana ɗauke da shi ya yanke shi a yatsu biyu ta cikin tafin hannu. Maigidansa ya kai shi kemis aka wanke aka ɗinke, ciwon ma ya fara kamewa ba ruwa ba wari, amma yatsun nan biyu sun ƙi lanƙwasuwa a miƙe suke kawai, kuma yace gefen ɗaya baya ji in an taɓa. Mai kemis yace tsami ne zai saki da kansa, kakarsa kuma tace a kai shi wajen mai ɗori. Ni dai hankalina bai kwanta ba.
Daga wata uwa, Rijiyar Lemo, Kano

AMSA: Hajiya sannu, Allah ya ba shi lafiya, kuma hankalinki da bai kwanta ba shi ne daidai. Gobe da sassafe ki kai shi asibiti, kar a ƙara ko kwana biyu ana jira. Kuna Kano, ga Asibitin Ƙashi na Dala kusa da ku, ga Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, ki ce musu a fili yankan ƙarfe ne a cikin yatsu, kwana goma, yatsun basa lanƙwasuwa kuma gefe ɗaya baya ji, kina so likitan tiyatar hannu ya gan shi.

Ga dalilin gaggawar. Yatsa ba shi da tsokar da ke lanƙwasa shi a jikinsa, tsokar tana can sama tsakanin gwiwar hannu da wuyan hannu, wasu fararen jijiyoyi ne masu ƙarfi kamar igiya suka taso daga can suka bi ta tafin hannu har ƙarshen yatsa, in tsokar ta ja sai yatsa ya naɗe. Jijiyoyin nan a ƙarƙashin fata suke kaɗan, fallen ƙarfe mai kaifi yana iya datse su alhali daga waje yankan bai kai a ce wani abu ba. In ta tsinke ba ta haɗewa da kanta, don tsoka na jan guntun sama yana ta komawa ciki, kullum tazarar na ƙaruwa. Mai kemis fata ya ɗinke, abin da ke ciki yana nan a tsinke. A kwanakin farko zuwa kamar sati biyu likita na iya jawo bakin biyu ya haɗa, in aka yi sati uku zuwa sama abin yana wuya, wani lokacin sai an ciro jijiya daga wani wuri an yi daso, aiki ya zama biyu kuɗi ya ninka, sakamakon ma bai cika kai na farko kyau ba. Rashin jin da yake faɗa kuma alama ce jijiyar ji ta gefen yatsan ita ma ta taɓu, ita ma ana ɗinke ta, sai dai tofowarta a hankali ne wajen milimita 1 a rana, don haka kar ya karaya in an yi aiki yaga jin bai dawo da wuri ba.

Maganar mai ɗori, ki ba Inna haƙuri cikin ladabi, wannan ba karaya ba ce ba kuma gocewar ƙashi ba, ba abin da za a ɗora. Ja da murza yatsan ƙara nisanta jijiyar zai yi, ɗaurin kara mai tsanani kuma yana iya tsayar da jini yatsan ya mutu gaba ɗaya. Ki kuma tambaya ko an yi masa allurar tetanos, ta cutar sarƙewar haƙora, in ba a yi ba a faɗa musu a asibitin.

Abu ɗaya da zan ja kunnenku tun yanzu, tiyatar rabin aiki ce. Bayanta za a sa masa abin tallafe hannu wajen sati shida, kuma masu gashin ƙashi za su koya masa motsin da zai riƙa yi a ƙa'ide, sai wajen wata uku jijiyar ke ƙarfin da zai ɗauki nauyi. Yara da yawa a nan suke asarar hannun, ciwo ya warke a ido sai maigida yace ya dawo aiki, ya ɗaga ƙofa ɗaya ɗinkin ya tsinke. Ki zauna da maigidan nasa ki faɗa masa wannan tun kafin a je ko'ina, kuma ki faɗa masa kuɗin maganin nan da haƙƙinsa a ciki, a wajen aikinsa yaron ya ji ciwo.

TAMBAYA: Malam gardama muke a majalisa. Almakashin yanka falle ya cire wa wani abokin aikinmu kan yatsa, wasu suka ce a binne guntun nan take tunda jikin ɗan Adam ne, wasu suka ce a sa a ƙanƙara a tafi da shi. Ƙarshe dai binnewa aka yi. Wanne ne daidai? Kuma man birki da ake zubawa ciwo yana tsayar da jini da gaske?
Daga wasu matasa, Gusau

AMSA: Binnewa mutunta jikin ɗan Adam ne kuma ba wanda ya hana, amma ba ita ce ta farko ba, a fara kai shi gaban likita, in yace ba zai yi amfani ba sai a dawo a binne. Yadda ake yi, mutum ɗaya ya kula da mai ciwon, ya samu tsumma mai tsabta ko bandeji ya danne bakin ciwon da ƙarfi, a ɗaga hannun sama da ƙirji, a riƙe minti goma cur ba tare da ana ɗagawa ana leƙawa ba, in jini ya jiƙa tsumman a ƙara wani a kai kar a cire na farko. In akwai zobe ko agogo a zare tun kafin hannu ya kumbura. Kar a ɗaure gindin yatsa da waya ko robar tayar keke, sau da yawa ana mantawa da ita a ƙarƙashin bandeji sai ta kashe abin da inji ya bari. Wani kuma ya ɗauki guntun, ya ɗauraye dattin da ruwa mai tsabta sama-sama ba gurzawa, ya naɗe a tsumma mai ɗan danshi, ya sa a leda mai kyau ya ƙulle bakin, sannan ledar a sa ta cikin kwano ko kula mai ruwa da ƙanƙara. Fiya wata mai ƙanƙara guda uku huɗu a fasa a kwano ya wadatar. Kar naman ya taɓa ƙanƙara kai tsaye don tana ƙona shi, kar kuma a tsoma shi tsirara a ruwa. Yatsa da aka sanyaya haka yana iya kai wa wajen awa 24 bai lalace ba, in ba sanyi wajen 12, amma in hannu ne daga wuyansa zuwa sama inda akwai tsoka to wajen awa 6 ne kawai ba sanyi, don haka gudu ake. Kar a ba mai ciwon abinci ko lemo a hanya saboda ƙila a sa shi barci a yi tiyata.

Kar in sa muku rai fiye da kima, mayar da yatsa aiki ne na haɗa jijiyoyin jini ƙanana ƙwarai a ƙarƙashin madubin ƙara girma, ba kowane asibiti ke yi ba, kuma wanda inji ya murƙushe ko ya fizge ya fi wanda aka datse tsaf wuyar mayarwa. Duk da haka a tafi da shi, ko fatarsa ana iya amfani da ita a rufe dungun. In babban yatsa ne kuwa a dage sosai, likitoci na ƙiyasta shi kaɗai wajen kashi 40 cikin 100 na amfanin hannu ne, ba shi ba riƙe guduma ba riƙe alƙalami.

Man birki, baƙin mai, fetur, ruwan batir, ƙasa, toka, duk ba mai tsayar da jini a cikinsu, dannewa ce ke tsayarwa. Su dai ƙona naman da ya rage suke su cusa datti, likita ya zo sai ya yanke fiye da abin da inji ya ci kafin ya samu nama mai rai.

TAMBAYA: Ina da shago a kasuwar Katako nan Yamai, yara shida ke aiki a hannuna, muna da almakashin falle na lantarki da rola da injin huda ƙarfe. Ni ba mai kuɗi ba ne da zan sayi injinan Turai masu na'urar tsaro. Mene ne talaka zai iya yi? Ni dai na bar wa Allah, abin da ya ƙaddara ba makawa.
Daga wani maigidan shago, Yamai

AMSA: Maigida na ji daɗin wasiƙarka fiye da duka, don kai ne wanda gyaran ke hannunsa. Ƙaddara gaskiya ce, amma ka san hadisin mutumin da ya tambayi Manzon Allah (SAW) ko ya ɗaure raƙumarsa ko ya sake ta ya yi tawakkali, aka ce masa ya ɗaure sannan ya yi tawakkali. To ga igiyoyin, kuma ba mai tsada a ciki.

Na farkonsu, wanda ya fi ci min rai saboda matsalarmu ce mu da ake ɗauke wa wuta sau ba adadi a yini, Najeriya da Nijar duk ɗaya. Bari in ba ka abin da na gani da idona a wani shago da na yi aiki ina saurayi. Wajen ƙarfe sha ɗaya na safe aka ɗauke wuta ana tsakiyar yankan rodi, kowa ya ajiye abin hannunsa muka koma inuwa, ba wanda ya tuna makunnin girandar a danne yake a kulle. Wani yaro mai hankali, irin waɗanda basa son zama haka nan, yace bari ya canja faifan kafin wuta ta dawo tunda ya cinye. Ya zauna a kan bulo ya ɗora ta a cinya, hannun hagu ya riƙe faifan dama na neman sufana. Ni abin da na fara ji shi ne fankar shagon kusa ta fara juyawa, wani yace an kawo wuta, kafin ya rufe baki sai ƙarar inji da ihu a tare. Har yau ina ganin girandar tana tsalle a ƙasa tana jan wayarta, da yaron ya riƙe wuyan hannunsa yana kallon tafinsa bai ma fara kuka ba. Yatsu biyu suka tafi, na ukun ya sandare. Ba gangancinsa ba ne, mu manya ne bamu taɓa koya masa a zare waya daga soket kafin a taɓa faifai ba, don mu ma bama yi.

Don haka ka kafa doka, da an ɗauke wuta ko janareta ya mutu kowa ya kashe makunnin abin da ke hannunsa ya zare waya, kuma kafin a tada janareta mutum ɗaya ya zaga ya duba. Manyan injinan kuma ka kira mai gyaran lantarki ya sa musu kwantakta mai maɓalli biyu, kore na kunnawa ja na kashewa, amfaninta shi ne in wuta ta ɗauke tana sakin kanta, ko wuta ta dawo inji ba zai tashi ba sai mutum ya je ya danna kore da hannunsa.  Jan maɓallin ya zama babba kuma a inda mai aiki zai kai masa da gwiwa ko tafin hannu, musamman a rola, don wanda rola ta kama ba ya iya zagayawa ya nemi makunni.

Sai kwaɗo. Duk wanda zai sa hannu cikin inji don gyara ko share shi ko ciro abin da ya maƙale, ya kashe babban makunni ya sa kwaɗo a akwatin ya jefa makullin a aljihunsa, ya gwada kunnawa ya tabbatar ba wuta, ya jira duk abin da ke juyawa ya tsaya cak, don babbar ƙafar nan mai nauyi ta almakashi tana ci gaba da juyi bayan an kashe kuma tana da ƙarfin sauke wuƙa sau ɗaya. Faɗa da baki cewa kar a kunna baya isa, wanda ka faɗa wa zai fita wani ya shigo.

Sauran kuwa kai mai ƙira ne, da guntayen da ke zube a shagonka zaka yi su. Ka yi wa bel da fuli keji na raga. Ka gitta sanda ko raga a gaban wuƙar almakashi yadda falle zai wuce amma yatsa ba zai wuce ba, ka toshe bayansa don yaro kar ya zaga ya tari guntaye ana yanka. In na feda ne ka yi wa fedar rumfa ta ƙarfe, don kar wani ya taka bisa kuskure ko abu ya faɗo mata. Ƙananan guntaye a tura su da sanda ko a riƙe da awartaki. A injin huda kuma a matse ƙarfen a teburin, falle in ƙusar hudar ta cije shi juyawa yake kamar wuƙa. In mutum biyu ke aiki a inji ɗaya, wanda hannunsa ke kusa da wuƙa shi ke ba da umarnin a taka. Kuma sabon yaro kar ya taɓa inji sai ya yi makonni yana kallo kana tsaye a kansa, aikin yanka mai nauyi a yi shi da safe, ba bayan azahar da zafi da gajiya sun taru ba, balle da azumi. Wanda ka ga alamar ya sha ƙwaya don ƙarfin aiki, ranar nan ya yi shara kawai.

TAMBAYA: Safar hannu fa? Ogana yace dole kowa ya sa a kowane aiki.
Daga wani ɗan koyo, Jos

AMSA: Ƙanena niyyar oganka mai kyau ce, amma ka nuna masa wannan amsar. Wajen ɗaukar falle da rodi da walda da taɓa ƙarfe mai zafi safar fata dole ce. Amma a injin huda, da injin feƙe ƙarfe, da rola, da dutsen wasa na kan benci, safa haɗari ce, in bakinta ya laƙe ba ta yagewa, hannun take ja gaba ɗaya cikin inji. Haka zoben azurfa, agogo, carbi a wuyan hannu, hannun kaftani mai faɗi, da tsumman da ake naɗewa a hannu a goge ƙarfe yana juyawa. Zobe in ya maƙale fatar yatsan yake saɓulewa daga ƙashi. A cire su a sa a aljihu, a naɗe hannun riga zuwa gwiwa.

TAMBAYA: Malam ina aiki a wani kamfanin ƙera kayan ƙarfe, ba takardar ɗaukar aiki, kullum ake biyanmu. Injin lanƙwasa falle ya murƙushe min yatsu uku sati ɗaya da ya wuce. Manaja ya biya kuɗin asibitin ranar farko, yanzu ya kawo wata takarda wai in sa hannu in karɓi ɗan wani abu shikenan magana ta ƙare, kuma wai ai laifina ne. Ina da wani haƙƙi?
Daga wani ma'aikaci, Kano

AMSA: Sannu ɗan'uwa, Allah ya sa kaffara ne. Kana da haƙƙi, kuma kar ka sa hannu a takardar nan tukuna. Akwai dokar biyan diyyar ma'aikata ta shekarar 2010, hukumar asusun inshorar ma'aikata ta ƙasa, wato NSITF, ke kula da ita. Dokar ta ɗora wa mai kamfani ya riƙa zuba kashi 1 cikin 100 na jimillar albashin ma'aikatansa a asusun hukumar, daga aljihunsa ba daga albashinku ba, daga nan ake biyan magani da diyyar naƙasa da gashi har da hannun roba in ta kama. Kuma ma'aikaci a dokar nan ya haɗa da wanda aka ɗauka da baki, da na wucin gadi, da mai aikin yini, har da ɗan koyo, don haka rashin takarda bai fitar da kai ba. Maganar laifinka ne ita ma ba ta rufe ƙofa, tsarin ba a gina shi kan sai an gano mai laifi ba, abin dubawa shi ne a bakin aiki raunin ya same ka. Dokar ma ta hana a yi yarjejeniya da ma'aikaci cewa ya yafe diyyarsa.

Amma akwai wa'adi, shi yasa nake so ka motsa a satin nan. Ana so ka sanar da mai kamfani cikin kwana 14 da faruwar abin, duk da sun sani ka rubuta a takarda, rana da lokaci da wurin da irin raunin, ka ba su ka riƙe kwafi. Su kuma doka ta ba su kwana 7 su kai rahoto ga hukumar, neman diyyar kuma a shigar da shi cikin shekara ɗaya. Ban da wannan, dokar masana'antu ta wajabta a killace sassan inji masu haɗari, kuma duk haɗarin da ya hana ma'aikaci aiki fiye da kwana uku sai an sanar da sufeton masana'antu na ma'aikatar ƙwadago ta tarayya. Ka tara katin asibiti, hoton ƙashi, rasit, rahoton likita, hoton hannun, da sunayen abokan aikin da ke wurin, in akwai wanda zai ɗaukar maka hoton injin yadda yake kafin a gyara shi ya ɗauka. Ka je ofishin NSITF na Kano da ƙafarka ka tambaya ko kamfanin ya yi rajista ya kuma kai rahoto, daga nan ka wuce ofishin ƙwadago. In abin ya ƙi, Kotun Ma'aikata ta Ƙasa ce ke sauraron irin wannan, kuma Hukumar Ba da Agajin Shari'a na taimaka wa marasa ƙarfi da lauya. Ka tafi da wani babba naka mai karatu duk inda za a zauna, kuma duk zirga-zirgar nan kar ta sa ka tsallake ranar ganin likita ko ta gashi ko sau ɗaya.